Kunne ne ya Sauya ko Ma'auni? Nazarin Fitowar Waƙar "Despacito" da Hawanta Jadawalin Billboard a 2017

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda waƙar "Despacito" ta Luis Fonsi da Daddy Yankee, wadda aka saki a watan Janairun 2017 cikin harshen Sifaniyanci, ta kai matsayi na ɗaya a jadawalin waƙoƙi ɗari na mujallar Billboard ta Amurka, ta kuma zauna a wurin har makonni 16. Bayanin da aka saba ji shi ne, Justin Bieber ne ya ɗauko waƙar daga tsakanin masu jin Sifaniyanci ya kai ta ga sauran duniya. Maƙalar ta bi sawun waƙar tun daga ranar fitowarta, ta kuma bi tarihin sauye-sauyen da Billboard ta yi wa hanyar lissafinta, domin nuna cewa waƙar ta riga ta game duniya kafin Bieber ya sa baki. Ƙofa guda ce muryarsa ta buɗe, wato ta gidajen rediyon Turanci na Amurka, sai dai ita wannan ƙofar ce jadawalin ke tsaye a bakinta.

1. Gabatarwa

Mai yiwuwa wani ya tambayi abin da ya kawo waƙar mutanen Puerto Rico cikin taron da aka fi jin sunan Shata da Ɗanƙwairo. Dalilin ba mai nisa ba ne. A yau idan ana gardamar wane mawaƙi ne ya fi tashe, da wuya a yi nisa ba a ciro waya an duba yawan waɗanda suka kalli waƙarsa a YouTube ba. Lambobi sun zama shaida. To, tunda haka ne, ya kamata manazarci ya san yadda ake ƙera lambobin, da wanda suke ƙirgawa, da wanda suke tsallakewa. Babu waƙar da ta fi "Despacito" dacewa da wannan bincike, domin a kanta ne ma'aunai biyu suka ba da amsa biyu mabambanta a cikin shekara ɗaya.

Ba feɗe waƙar zan yi ba irin yadda muka koya daga manazarta waƙar Hausa Ɗangambo da Gusau. Turkenta dai begen mace ne da sha'awarta, an lulluɓe shi da siffantawa, kuma sunanta na nufin sannu a hankali. Abin da ya dame ni shi ne tafiyar da ta yi bayan ta fito daga situdiyo. Jadawalin da zan fi ambata shi ne wanda Billboard ke kira Hot 100, wanda aka fara bugawa a watan Agustan 1958, kuma yake jera waƙoƙi ɗari da suka fi karɓuwa a Amurka duk mako. Ko da yake na ƙasa ɗaya ne, masu sana'ar waƙa a ko'ina suna kallonsa tamkar na duniya, kuma wannan ruɗani na cikin abin da maƙalar ke son warwarewa.

2. Yadda aka haɗa waƙar

Luis Fonsi ba sabon shiga ba ne a 2017. An haife shi a San Juan a 1978, ya taso a Orlando ta jihar Florida, ya fitar da kundinsa na farko a 1998. An san shi da waƙoƙin soyayya masu sanyi, irin waɗanda ake rerawa da jita ko fiyano, kuma ɗaya daga cikinsu, "No Me Doy por Vencido" ta 2008, ta yi makonni 19 a saman jadawalin waƙoƙin Latin na Billboard. Akwai wani abu a tarihinsa da ake yawan mantawa da shi: a 2002 ya fitar da kundi da Turanci don neman shiga kasuwar Amurka, kundin bai yi kasuwa ba, ya koma harshensa. Wannan ita ce hanyar da aka sani a lokacin. Ricky Martin da Enrique Iglesias sun hau saman jadawali a 1999, Shakira ta hau a 2006, amma dukkansu sai da suka rera da Turanci. Mawaƙin Latin da ke son a ji shi a Amurka sai ya ajiye harshensa a bakin ƙofa.

A 2015 Fonsi ya zauna a Miami da marubuciyar waƙa Erika Ender, 'yar ƙasar Panama, suka tsara waƙar. Furodusoshi biyu 'yan Kolombiya, Andrés Torres da Mauricio Rengifo, su suka gina kiɗan. Da farko Nicky Jam aka so ya shigo a matsayin murya ta biyu, hakan bai yiwu ba saboda nasa kundin na dab da fita, sai aka nemi Daddy Yankee, wanda ya rubuta nasa ɗiyan waƙar ya kuma ƙara mata wani ɗan amshi bayan gindin waƙar. Wannan sauyi ba ƙarami ba ne. Daddy Yankee shi ne wanda waƙarsa "Gasolina" ta 2004 ta fitar da kiɗan reggaeton daga unguwannin Puerto Rico zuwa duniya, don haka shigowarsa ta ba waƙar wata shaida ta titi wadda Fonsi, mai waƙoƙin falo, ba shi da ita.

Ya kamata a ɗan tsaya a kan reggaeton ɗin kansa. Ƙashin bayansa wani bugun ganga ne da ake kira dembow, wanda ya samo suna daga waƙar Shabba Ranks ta Jamaika ta 1990. Babbar ganga na faɗuwa daidai a kowane taki, ƙaramar kuma tana shigowa a karkace bisa rabon uku, uku, biyu, rabon da manazarta kiɗa ke dangantawa da kaɗe-kaɗen da bayi 'yan Afirka suka tsallaka da su yankin Karebiyan. Jikokin 'yan Jamaika da suka je aikin haƙar mashigin ruwan Panama su suka fara ɗora Sifaniyanci a kan irin wannan kiɗa, El General na cikin fitattunsu, daga nan ya bi ta New York ya sauka a gidajen gwamnati na talakawan San Juan. Hukuma ba ta yi maraba da shi ba. A 1995 'yan sanda sun kai samame shagunan kaset a yankin San Juan, suka kwashe ɗaruruwan kaset bisa zargin batsa. Kundin nazari mai suna Reggaeton (2009), wanda Raquel Rivera da Wayne Marshall da Deborah Pacini Hernandez suka tace, ya bi wannan tarihi daki-daki, sannan Petra Rivera-Rideau a littafinta Remixing Reggaetón (2015) ta nuna yadda kiɗan ya zama muryar baƙar fata a tsibirin da manyansa ke son cewa ba su san wariyar launi ba.

Abin da Torres da Rengifo suka yi shi ne tausasa wannan bugu. Sun bar shi a ƙasa yana tafiya a hankali, kimanin bugu 89 a minti ɗaya, suka ɗora masa jerin sautuka huɗu da ke zagayawa daga farko har ƙarshe, irin jerin da kunnen mai jin waƙoƙin Turawa ya daɗe da sabawa da shi. Suka buɗe waƙar da cuatro, wata 'yar ƙaramar jita ta gargajiyar Puerto Rico, wadda Christian Nieves ya kaɗa. Kowane mai sauraro ya samu abin kamawa: ɗan tsibirin ya ji kayan kiɗan kakanninsa, ɗan gidan rawa ya ji dembow, mai son rauji mai daɗi ya ji Fonsi. A ganina gwanintar waƙar ke nan, kuma a nan ne masu sukarta ke da hujja, domin reggaeton ɗin da ya shiga kowane gida a 2017 an riga an cire masa ƙaya.

An ɗauki bidiyon a watan Disambar 2016 ƙarƙashin jagorancin Carlos Pérez, a La Perla, unguwar talakawa da ke bayan ganuwar tsohon birnin San Juan a bakin teku, da kuma wata mashaya mai suna La Factoría. Zuleyka Rivera, wadda ta lashe gasar sarauniyar kyau ta duniya a 2006, ita ce tauraruwar cikinsa. Kamfanin Universal Music Latin ya saki waƙar da bidiyon a tsakiyar Janairun 2017.

3. Wata uku babu Bieber

Daga Janairu zuwa tsakiyar Afrilu, waƙar ta yi tafiyarta ita kaɗai, babu kalmar Turanci ko ɗaya a gindinta. Ta hau saman jadawali a ƙasashen Latin Amurka da Sifaniya, ta hau a Italiya inda ba Sifaniyanci ake yi ba. A cikin Amurka ta kama matsayi na ɗaya a jadawalin waƙoƙin Latin tun watan Fabrairu. A YouTube kuwa bidiyon ya cika kallo biliyan ɗaya ranar 20 ga Afrilu, kwana 97 da ɗora shi, kuma a lokacin "Hello" ta Adele ce kawai ta taɓa kaiwa nan da sauri fiye da haka. A lura da kwanan watan. Sabon zubin da Bieber ya shiga ya fito ne ranar 17 ga Afrilu, kwana uku kacal kafin nan. Wannan biliyan ɗin ba nasa ba ne.

Amma me Hot 100 ya nuna a wannan tsakani? Waƙar ta shigo a lamba 88 a farkon Fabrairu, ta yi ta rarrafe har ta kai 44, ta fara zamewa. Waƙar da duniya ke rawa da ita ta kasa shiga arba'in na farko a Amurka, ƙasar da a lokacin ke da 'yan asalin Latin kusan miliyan 58, wato kimanin kashi 18 cikin ɗari na jama'arta. Ruwa ba ya tsami banza, kuma dalilin yana cikin yadda ake lissafin.

Billboard na haɗa abubuwa uku ne ta fitar da matsayin waƙa: yawan saye, yawan sauraro ta intanet, da yawan kunnuwan da suka ji ta a rediyo. Ba haka abin yake tun asali ba. Kafin 1991, masu shaguna da ma'aikatan rediyo ake tambaya su faɗi abin da ke tashe, su kuma su faɗi abin da suka ga dama. A shekarar ce aka koma ƙirga ciniki da na'ura a wurin biyan kuɗi, aka kuma sa kwamfuta tana sauraron tashoshin rediyo. Nan take sakamako ya ba masu sana'ar mamaki: ƙungiyar N.W.A mai waƙar rap da Garth Brooks mai waƙar karkarar Amurka suka hau saman jadawalin kundaye. Masu sayensu sun daɗe suna nan, ba a dai ƙirga su ne. A 2005 aka shigo da waƙoƙin da ake saya ta intanet a sauke, a 2012 aka shigo da sauraro a manhajoji irin Spotify, a Fabrairun 2013 aka shigo da kallon YouTube na cikin Amurka, kuma a makon farko na wannan sauyi "Harlem Shake" ta Baauer ta faɗo kai-tsaye a lamba ɗaya. Watanni kaɗan kafin nan, "Gangnam Style" ta Psy, ɗan Koriya ta Kudu, ta yi makonni bakwai a lamba biyu a 2012 ba ta iya ture waƙar Maroon 5 ba, alhali ita ce bidiyo na farko da ya taɓa cika biliyan a YouTube. Da an yi sauyin da wuri, da tarihin ya zo da wani labarin.

Ke nan zuwa 2017 ƙafafu biyu daga cikin ukun sun riga sun koma hannun mai sauraro. Matashi ɗan asalin Mekziko a Los Angeles ko ɗan Dominika a Bronx, idan ya danna waƙa a wayarsa, an ƙirga shi, ba sai wani ya ba shi izini ba. Wannan ne ya kai waƙar lamba 44. Ƙafa ta uku kuwa, rediyo, tana hannun masu tsara shirye-shirye, kuma rediyon Amurka a rarrabe yake gida-gida: tashoshin Latin daban, tashoshin waƙoƙin yayi na Turanci daban, kowanne da masu tallarsa. Tashoshin Turancin su ne masu tarin masu sauraro, kuma ba su saba sa waƙar da ba ta Turanci ba, komai tashenta. A nan waƙar ta cije.

4. Sabon zubi da makonni 16

Bieber yana rangadin wasanni a Kolombiya a watan Afrilu ya ji waƙar a wani gidan rawa, ya ga yadda jama'a suka ɗauka, ya nemi a ba shi dama ya shiga. An naɗi muryarsa a Bogotá, wani mawaƙin ƙasar mai suna Juan Felipe Samper ya koya masa furucin Sifaniyanci, kuma cikin 'yan kwanaki aka saki abin da masu sana'ar ke kira rimiks. Tsarinsa abin lura ne. Bieber ya buɗe da ɗa guda na Turanci, sannan ya rera gindin waƙar da Sifaniyanci, ragowar kuma aka bar mafi yawanta yadda take. Wato Turancin na bakin ƙofa ne kawai, daidai daƙiƙun farko da mai tsara shirin rediyo ke saurara kafin ya yanke hukunci, kuma daidai lokacin da mai mota ke yanke shawarar ko ya murɗa zuwa wata tasha.

Billboard na haɗa makin asalin waƙa da na sabon zubinta wuri guda. A jadawalin 6 ga Mayu waƙar ta yi tsalle daga 48 zuwa 9. A na 27 ga Mayu ta kai lamba ɗaya, inda ta sauke "I'm the One" ta DJ Khaled, wadda ita ma da muryar Bieber a cikinta. Ya gaji kansa ke nan. Ta zauna a wurin makonni 16 a jere, ta yi kunnen doki da "One Sweet Day" ta Mariah Carey da Boyz II Men, wadda ta riƙe wannan tarihi tun 1996. Taylor Swift ce ta sauke ta a watan Satumba, kuma sai a 2019 "Old Town Road" ta Lil Nas X ta wuce su duka da makonni 19. A Birtaniya ta yi makonni 11 a sama. A jadawalin Latin na Billboard ta tara makonni 56, ta shafe tarihin "Bailando" ta Enrique Iglesias mai 41.

Sau biyu kawai aka taɓa ganin waƙar da Sifaniyanci ya rinjaya a cikinta a saman Hot 100 kafin wannan. Ta farko "La Bamba" ce ta Los Lobos a 1987, tsohuwar waƙar gargajiya ta Veracruz da wani fim kan rayuwar Ritchie Valens ya farfaɗo da ita. Ta biyu "Macarena" ce ta Los del Río, dattawa biyu daga kudancin Sifaniya, wadda ta yi makonni 14 a 1996, ita ma bayan da wasu furodusoshin Miami suka sake zuba ta da ɗiyan Turanci. Kowaccensu ta zo ta wuce ba ta bar magaji ba. An ɗauke su abin nishaɗin bazara guda. Shekara 21 aka yi tsakanin "Macarena" da "Despacito".

To, wa ya yi wa wani alfarma? Masu cewa Bieber ne suna da lambobin Hot 100 a hannunsu, kuma ba za a musa musu ba: daga 48 zuwa 9 cikin mako guda ba ikon iska ba ne. Sai dai akwai lambar da ba su cika kawowa ba. Ba a taɓa yi wa sabon zubin bidiyo na musamman ba. Sauti kawai aka ɗora. Bidiyon da ya zama mafi yawan kallo a tarihin YouTube a farkon Agustan 2017, ya ture "See You Again" ta Wiz Khalifa, ya kuma zama na farko da ya cika biliyan uku, sannan huɗu, sannan biyar, shi ne na La Perla, wanda babu Bieber a ciki ko da inuwarsa. Ya riƙe kambun har Nuwambar 2020 lokacin da waƙar yara ta "Baby Shark" ta karɓe. Ma'aunin da ke ƙirga duniya ya zaɓi asalin waƙar, ma'aunin da ke ƙirga Amurka ya zaɓi mai ɗauke da Turanci. Kuma kada a manta, Bieber ne ya nemi shiga, ba nemansa aka yi ba. Ya ga kasuwa ta cika ne ya kawo kayansa.

Mu a nan ba ma buƙatar dogon bayani kafin mu yarda cewa mutum na iya son waƙar da ba ya jin harshenta. Iyayenmu sun haddace waƙoƙin finafinan Indiya a sinimomin Kano da Jos da Kaduna ba su san Hindi ba, har 'yan bandiri suka juya raujinsu zuwa begen Annabi, kamar yadda Brian Larkin da Abdalla Uba Adamu suka rubuta a kai. Abin da aka yi ta mamaki a jaridun Amurka a 2017 tsohon labari ne a mafi yawan duniya, wadda ta shekara hamsin tana rera waƙoƙin Turanci ba tare da ta ji su ba.

5. Abin da lambobi ba su ɗauka ba

Waƙar ta fito mako guda kafin rantsar da Donald Trump, wanda ya yi yaƙin neman zaɓe da alkawarin gina katanga a iyakar Mekziko. Marubuta da dama sun karanta nasararta a matsayin martanin jama'a ga wannan siyasa. Ni ban gamsu ba. Mutum na iya rawa da kiɗan wasu mutane da dare, gari ya waye ya zaɓi wanda zai kore su. Jadawali ba ya tambayar mai sauraro ra'ayinsa. Akwai ma wani abin da ya fi wannan ban takaici. An yi ta kiran waƙar "baƙuwa" a Amurka, alhali Fonsi da Daddy Yankee 'yan ƙasar ne tun haihuwa. Puerto Rico na ƙarƙashin Amurka tun 1898, an ba mutanenta takardar zama 'yan ƙasa a 1917, shekara ɗari cif kafin waƙar, ko da yake mazauna tsibirin ba sa zaɓen shugaban ƙasa. Cikin mutanen uku, Bieber ɗan Kanada shi ne baƙon.

A watan Mayun da waƙar ta hau sama, gwamnatin tsibirin ta shiga kotu neman kariya daga bashin da ya haura dala biliyan 70. Ranar 20 ga Satumba, 'yan kwanaki bayan saukarta, guguwar Maria ta afka wa tsibirin, ta lalata wutar lantarkinsa gaba ɗaya, ta yi wa La Perla mummunar ɓarna. Daga baya gwamnatin yankin ta amince da ƙiyasin mutuwar mutum 2,975.

Sauran martanin a taƙaice. A watan Yuli gidan rediyo da talabijin na gwamnatin Malesiya ya daina sa waƙar bayan ƙorafin cewa kalamanta na batsa ne. A watan dai Shugaba Nicolás Maduro na Venezuela ya sa aka sauya mata baituka don tallata zaɓen majalisar sake tsarin mulki, Fonsi da Daddy Yankee da Erika Ender suka fito fili suka yi tir. Shi kuwa Bieber an ɗauke shi a wani gidan rawa na New York ya manta kalmomin Sifaniyancin yana cike gurbinsu da shirme, abin da ya ɓata wa 'yan Latin da yawa rai, ko da yake Fonsi ya kare shi. A bikin Latin Grammy na Nuwambar 2017 waƙar ta kwashi kyaututtuka huɗu. A babban bikin Grammy na Janairun 2018 an sa ta takara a rukuni uku, Fonsi da Daddy Yankee suka rera ta a dandalin ba tare da Bieber ba, aka tashi ba ta samu ko ɗaya ba. Bruno Mars ne ya ɗauke manyan biyun. A can masu sana'a ne ke jefa ƙuri'a, ba masu sauraro ba.

6. Bayan 2017

Bambancin "Despacito" da "Macarena" shi ne ita ta bar magada. A Satumbar 2017 Beyoncé ta shiga "Mi Gente" ta J Balvin da Willy William, waƙar ta kai lamba uku. A 2018 "I Like It" ta Cardi B da Bad Bunny da J Balvin ta kai ɗaya, Drake kuma ya rera "Mía" da Sifaniyanci tsantsa tare da Bad Bunny. Ƙungiyar kamfanonin faifai ta Amurka, RIAA, ta ce kuɗin shigar waƙoƙin Latin a ƙasar ya ƙaru da kashi 37 cikin ɗari a 2017 zuwa dala miliyan 243, kuma a 2022 ya haura biliyan ɗaya. Bad Bunny ne ya kai abin inda Fonsi bai kai ba: a Disambar 2020 kundinsa El Último Tour del Mundo ya zama na farko da aka rera gaba ɗaya da Sifaniyanci da ya hau saman jadawalin kundaye, babu tauraron Turanci da ya riƙe masa hannu, kuma shi ne aka fi saurara a Spotify a duniya shekara uku a jere daga 2020. A jadawalin kundaye ba a lissafa rediyo, kuma ina ganin wannan ba ƙaramin dalili ba ne na cewa can aka fara ganin nasara marar ɗan rakiya.

Dabarar rimiks ɗin kuwa ta iso har gida. "Essence" ta Wizkid da Tems ta riga ta shiga Hot 100 da ƙafarta a 2021, amma sai da Bieber ɗin dai ya shigo a watan Agusta ta kai lamba tara. "Calm Down" ta Rema ta zagaya Afirka da Turai a 2022, sannan Selena Gomez ta shiga, ta kai lamba uku a 2023. Tsarin bai sauya ba: waƙa ta gama cin kasuwarta, sai a nemo wanda masu rediyon Amurka suka san sunansa. Waɗannan ma da Turanci da Pidgin aka rera su, abin da ke nuna cewa shingen bai tsaya ga harshe kaɗai ba.

Akwai kuma rigimar da ba ta mutu ba kan wanda ya mallaki bugun gangar. A 2021 furodusan Jamaika Cleveland Browne da magadan abokin aikinsa Wycliffe Johnson, waɗanda aka sani da Steely & Clevie, suka shigar da ƙara a California suna cewa dembow ya fito ne daga kiɗansu na 1989 mai suna "Fish Market", kuma "Despacito" na cikin waƙoƙin da suka lissafa.

Ma'aunin ma bai tsaya inda yake ba. A Oktobar 2017, wata guda bayan saukar waƙar, Billboard ta sanar da cewa za ta daina daidaita darajar kowane sauraro. Daga tsakiyar 2018, sauraron wanda ya biya kuɗin wata ya zama maki ɗaya cikakke, na wanda ke ji kyauta da tallace-tallace, irin mafi yawan masu YouTube, ya koma kashi biyu cikin uku, na tashoshin intanet masu zaɓar wa mutum waƙa kuma rabi. Ba na cewa "Despacito" ce ta jawo wannan. Kamfanonin faifai sun daɗe suna ƙorafin cewa YouTube na biyansu kaɗan. Amma duk mai son kwatanta nasarar wata waƙar Sifaniyanci ta bayan 2018 da ta Fonsi, ko ta wani mawaƙin Legas, sai ya fara tambayar kashi nawa na masu sauraronta ke biyan kuɗin wata, domin a tsarin na 2018 mutum uku masu jin kyauta aka ƙirga a matsayin biyu.